Yadda ake gano matsalar sensar UV a layin masana'anta kafin a ce ta mutu

Idan injin liƙe kwali ya fara ture kaya masu kyau gefe, ko ya bar kwalin da babu gam ya wuce, maganar farko da za ka ji daga bakin mai kula da layi ita ce: "Malam, sensar nan ta mutu, a ɗauko sabuwa daga sito." Na sha jin haka, na kuma sha ganin an ɗaura sabuwar, ciwo yana nan inda yake. An bar jaki ana dukan taiki. Sensa mai ganin ƙyalli, wadda ma'aikata suka fi kira sensar UV, ba ta cika mutuwa haka kawai ba. Yawanci abin da take kallo ne ya sauya, ko idonta ya dushe, ko wani ya gusar da ita daga mazauninta. Shi ya sa binciken da zan shimfiɗa a nan yake farawa daga kayan da ke kan bel, ya bi ta gilashi da tazara da waya, sai can ƙarshe ya iso kan ita kanta sensar.

Ka fara sanin yadda take gani. Tana fitar da hasken UV, mai tsawon zango nanomita 365 zuwa 375 a yawancinsu (nanomita ma'aunin zangon haske ne, kowane launi da nasa zangon), wanda idon mutum ba ya kamawa sosai. Idan ya sauka a kan sinadari mai ƙyalli, sinadarin sai ya sha shi ya mayar da wani haske mai zango mafi tsawo, shuɗi ko kore ko rawaya ko ja, tsakanin kusan nanomita 420 da 750. Tun 1852 George Stokes na Jami'ar Kambirij a Ingila ya yi bayanin wannan al'amari. A gaban idon da ke karɓar haske akwai filta da ke tare UV ɗin da ya dawo, ta bar hasken ƙyallin kaɗai ya shiga. Duk wanda ya taɓa ganin ma'aikacin banki ya sa takardar naira a ƙarƙashin fitilarsa wasu zane-zane suka bayyana, ko ya ga yadda kunama ke haske kore-kore idan an haska ta da tocilar UV da daddare, ya riga ya ga aikin da idonsa. Sensar nan ba ruwanta da launin da kai kake gani. Tambaya ɗaya take yi: wannan wurin yana ƙyalli ko ba ya yi?

Da haka ake tabbatar da gam a leɓen kwali, da lebul a jikin kwalba, da takardar bayani a cikin kwalin magani, da giris a cikin boris, da maganin kulle zare a jikin kusoshi, har da alamar alli da ake yi wa katako kafin injin yanka ya cire wurin da ke da aibi. SICK da Leuze da Balluff da Pepperl+Fuchs na Jamus suna ƙera su, haka ma Banner na Amurka. Sunayensu da fasalinsu sun bambanta, amma hanyar bincike ɗaya ce.

Kayan da za ka riƙe kaɗan ne: tocilar UV, mitar awon wuta, rula, tsumma mai laushi marar gashi, sipirit irin na goge gilashi, takardar bayanin sensar, da samfurin kaya mai kyau da aka ajiye tun lokacin da layi ke lafiya. Wajen sayen tocila ka nemi mai nanomita 365. Mai 395 ta fi araha ta fi yawa a kasuwa, amma tana watsa haske ruwan hoda-shuɗi mai yawa, wanda ke rufe ƙyalli mai rauni har ka kasa bambancewa. Kada ka ƙura wa hasken sensa ko na tocila ido, ka sa tabarau mai tare UV idan za ka daɗe a kai. Kuma kafin hannunka ya shiga cikin inji, ka kashe shi, ka sa kwaɗonka a kan makunni, makulli yana aljihunka.

Kafin ka taɓa komai

Kada ka danna ko maɓalli ɗaya tukuna. Ɗauki hoton fuskar sensar da wayarka yadda saitinta yake, ka rubuta lambar da take nunawa in tana da allo. Sannan ka tambayi masu aikin layin, musamman waɗanda suka yi aikin dare: me ya sauya? An buɗe sabon buhun gam? An kawo kwali daga wani kamfani? An wanke inji? An ƙara gudu? Wani ya yi walda kusa? Mai aikin inji ya fi ka sanin lokacin da abin ya fara, kuma idan ka tambaye shi cikin mutunci zai rage maka rabin wahala.

Ciwon kan zo da fuska uku: ko ba ta gani kwata-kwata, ko tana cewa ta gani kullum har a wurin da babu komai, ko tana gani tana ɓacewa. Ka tantance wanne ne, domin na ukun ya fi sauran ɗaukar lokaci.

Mataki na farko: haska kayan da kanka

Gani ya kori ji. Ɗauko kwali ɗaya daga cikin waɗanda aka ture, ka kai shi lungu mai duhu, ka ajiye shi gefen tsohon samfurinka, ka haska su tare. Abu biyu kake nema: ƙarfin ƙyallin alamar, da kuma yadda bayanta yake, wato jikin kwalin da ba shi da alama.

Idan alamar ta dushe, ka bi sawun dalili. Ba kowane gam ne ke ɗauke da sinadarin ƙyalli ba. Masu ƙera gam kan zuba shi ne musamman don irin wannan aiki, kuma idan sashen sayayya ya canza mai kawo kaya saboda sauƙin farashi, sabon gam ɗin zai iya liƙewa tsaf amma ya zama duhu a idon sensa. Gam mai narkewa kuwa, wanda ake aiki da shi a zafin kusan digiri 150 zuwa 180, idan ya kwana a tanki yana dahuwa yakan ƙone ya yi ruwan ƙasa, ƙyallinsa ya ragu. Tawada da aka tsinka fiye da kima haka take yi. Lebul da aka jibge a bakin ƙofar sito rana tana dukansa, sinadarinsa kan koɗe. Akwai kuma wanda ke ɓoyewa sosai: a shafa wani fenti mai sheƙi ko a lulluɓe leda mai tare UV a kan alamar, tana nan da ranta amma haske ba ya kai mata.

Ɗaya ɓangaren shi ne ya fi ruɗa mutane. Farar takarda da farin kwali galibi ana zuba musu sinadarin ƙara fari, kuma wannan sinadari yana ƙyalli shuɗi ƙwarai a ƙarƙashin UV. Na taɓa zuwa wani layin shirya kaya inda kwalaye ke fita a buɗe, sensa kuwa tana ta shaida cewa akwai gam. Mai kula da layin ya ce mini, "Oga, mun canza ta sau ɗaya, ba ta daina ba." Muka kashe fitilar wurin, na haska kwalin. Gaba ɗayansa ya ɗauki haske shuɗi kamar an kunna shi, layin gam ɗin ma da kyar ake rarrabe shi. Ashe an koma sayen kwalin da cikinsa fari ne daga wani wuri, tsohon kuwa ruwan ƙasa ne. Sensar gaskiya take faɗa, ƙyalli take gani.

Maganin wannan iri biyu ne. In har gam ɗin ya fi kwalin haske da tazara mai kyau, sake koyar da sensa, wato a nuna mata alama da bayanta a danna maɓalli ta riƙe bambancinsu, ya wadatar. In sun yi kusa da juna, kada ka ɓata lokaci kana murɗa saiti. Ka nemi gam ko tawada mai ƙyallin rawaya ko ja, ka haɗa da sensa ko filta da ke barin haske daga nanomita 570 ko 610 zuwa sama kawai. Shuɗin takarda yana wajen 430 zuwa 450, don haka filtar za ta tare shi a ƙofa.

Mataki na biyu: gilashin ido

Wanda ke aiki a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa a Kano ya san yadda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina daga Disamba zuwa Fabrairu, ga kuma ƙurar kwali da ta gari da injin kansa ke tayarwa. Ƙura tana cutar wannan sensa sau biyu, ta rage hasken da ke fita, ta sake rage ɗan ƙyallin da ke dawowa, wanda dama rauni gare shi. Hura iska mai tsabta tukuna don kada yashi ya karce gilashi, sannan ka goge da tsumma da ɗan sipirit.

A nan ina roƙon ka kula da abu ɗaya: kada a wanke gilashin da ruwan omo. Garin wanki yana ɗauke da irin sinadarin ƙara farin nan, shi ya sa farar riga ke ɗaukar ido bayan wanki. Idan ya bushe a kan gilashi, sensa za ta riƙa ganin ƙyalli a kan idonta kanta, ta tsaya a kunne dare da rana. Farar takardar goge hannu ma tana barin gashi mai ƙyalli. Haka zaren gam da ke tashi daga bakin bututu ya maƙale a gilashi, haka ɗigon mai ko giris, domin su ma da yawansu suna ƙyalli. Bayan ka goge, haska gilashin da tocilarka, ka tabbata baƙi ƙirin yake. Tina da fetur kuwa suna cinye gilashin roba, su bar shi da hazo wanda ba ya gyaruwa.

Duba kuma ko an sa wani abu tsakanin sensa da kaya. Sau da yawa mai kyakkyawar niyya yakan yanko farar roba mai gani-har-hanji ya kare sensa daga feshin gam. In robar polikabonet ce, irin wadda ake yin murfin kariyar inji da ita, tana shanye kusan duk hasken UV. Kai kana gani ta cikinta sarai, sensa kuwa ta makance.

Mataki na uku: tazara da kwana

Kowace sensa da tazarar da aka yanka mata gilashi: akwai ta milimita 10, da 20, da 50, da 90, har sama da haka. Duba takardarta, ka auna da rula daga fuskar gilashi zuwa saman kaya. A mai gajeriyar tazara, gusawar 'yan milimita kaɗan ta isa ta zubar da ƙarfin sigina. Kama maƙalin da ke riƙe da ita ka girgiza. In ya motsa, girgizar inji ta kwance noti. Sa farar takarda a inda kaya ke wucewa, za ka ga ɗigon hasken a fili. Shin yana sauka daidai kan layin gam, ko rabinsa yana gefe? A wasu sensoshin ɗigon dogo ne kamar ƙwayar shinkafa, kuma ya kamata tsawonsa ya bi tsawon alamar. In aka juya sensa a gicciye lokacin da aka mayar da ita bayan wanki, rabin hasken a banza yake sauka. Idan kayan mai sheƙi ne, kamar leda ko gwangwani, karkata ta kaɗan, digiri 10 zuwa 15, don kada hasken ya dawo mata kai tsaye.

Mataki na huɗu: karanta sigina, sannan ka koyar

Sai yanzu ya halatta ka taɓa maɓalli. Yawancin sensoshin zamani suna da jerin ƙananan fitilu ko lambobi da ke nuna ƙarfin ƙyallin da suke gani, masu IO-Link (hanyar aika bayanai ta wayar sensa) kuma suna aika lambar har cikin PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Sa alama a gabanta ka rubuta lamba, sa wurin da babu alama ka rubuta lamba. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce rayuwar aikin. Ni dai ba na sakin jiki sai alama ta ninka bayanta aƙalla sau biyu. Ƙasa da haka, ka koma mataki na farko, domin saiti ba ya ƙirƙiro bambancin da babu shi.

Kunna ta ta yi 'yan mintuna ta ɗumama kafin koyarwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓo kwali mafi kyau, mai gam lafce-lafce, a koyar da shi. Daga nan duk kwalin da gam ɗinsa ya ɗan yi siriri, ko da lafiyayye ne, sai a ture shi. Ka koyar da alama mafi rauni da har yanzu sashen duba inganci ya yarda da ita, da kuma baya mafi haske da ka samu cikin kayan. Iyakar yanke hukunci ta zauna a tsakiyarsu. In sensar tana da koyarwa cikin tafiya, inda ake danne maɓalli kaya suna wucewa, ita ta fi kama gaskiyar layi. Tabbatar kuma ba a juya mata aiki ba, wato ta kunna idan ta ga ƙyalli ko ta kunna idan ba ta gani ba. Da ka gama, kulle maɓallan. Sensa da kowane rukunin ma'aikata ke sake koyarwa yadda ya ga dama ba za ta taɓa zama lafiya ba.

Akwai dabarar da ba na so ko kaɗan: a ƙure ƙarfin ji har sama don inji ya daina tsayawa. Layi zai yi ta gudu, kowa ya ji daɗi, amma kwali marar gam ma zai wuce, sai ya isa hannun mai saye kafin a sani. In kayan magani ne, abin ya wuce asarar kuɗi.

Mataki na biyar: wuta da waya

Idan fitilar sensa tana kunnawa daidai amma inji ba ya amsawa, matsalar tana kan hanya. Yawancin sensoshin bolt 24 suke ci, suna jure daga 10 ko 12 zuwa 30. A filogin M12, wato filogin da ke haɗa sensa da wayarta, waya ruwan ƙasa ita ce mai kawo wuta, shuɗiya ita ce sifili, baƙa ita ce mai kai saƙo. Auna tsakanin ruwan ƙasa da shuɗiya a bakin sensar kanta, ba a cikin akwatin wuta ba, kuma inji yana aiki, domin wuta kan faɗi ne daidai lokacin da bawul-bawul ke bugawa. Wajen yadda suke aika saƙo sensoshin iri biyu ne, PNP da NPN. A sensar PNP, idan ta kunna za ka ga kusan bolt 24 tsakanin baƙa da shuɗiya. A NPN kuwa tsakanin ruwan ƙasa da baƙa za ka auna. In an taɓa canza sensa aka ɗaura NPN a gurbin PNP, fitilarta za ta yi ta ƙiftawa, PLC bai san ana yi ba.

Farar waya tana bukatar kulawa ta daban. A sensoshi da yawa ita ce hanyar koyarwa daga nesa. In an bar bakinta tsirara tana taɓa ƙarfe ko wata waya, sensa za ta iya sake koyar da kanta ba wanda ya taɓa ta. Duba takarda ka ga inda ya kamata a haɗa ta, ko a naɗe ta.

Ga sensar da take gani tana ɓacewa, bi wayar da hannunka kana lanƙwasawa a hankali, musamman bakin filogi da inda take shiga sassan da ke motsi, idonka yana kan fitilar PLC. Duba ko an kwantar da ita a hanya ɗaya da wayar motar injin da inbata, wato na'urar daidaita gudunta, ke juyawa. Hayaniyar lantarki ta inbata tana tsallakawa cikin wayar sigina, don haka a raba musu hanya. Ka kuma tambaya ko matsalar tana zuwa ne lokacin da ake sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta.

Mataki na shida: gudu

Wannan lissafi ne, kuma yana da daɗin yi. A ce bel yana gudun mita 120 a minti, wato mita 2 a sakan, wato milimita 2 a kowane milisakan. Ɗigon gam mai tsawon milimita 6 zai wuce gaban sensa cikin milisakan 3 kacal. Sensar kanta za ta kama shi, domin da yawansu suna iya kunnawa da kashewa sau dubbai a sakan. Amma ƙofar shiga ta PLC tana da nata matacin lokaci. A PLC ɗin Siemens S7-1200, alal misali, yana zuwa daga kamfani a kan milisakan 6.4, kuma duk saƙon da bai kai wannan tsawon ba watsar da shi yake yi a matsayin hayaniya. Alamar wannan ciwo a bayyane take: a hankali komai lafiya, da an ƙara gudu sai saƙo ya fara ɓacewa.

Ko ka rage matacin a cikin shirin PLC, ko ka mayar da wayar kan ƙofa mai saurin ƙirga, ko ka kunna jinkirin kashewa, mai tsawaita saƙon bayan alama ta wuce, a jikin sensa in tana da shi, wanda a da yawa milisakan 20 ne. Sai dai ka lissafa: a wannan gudun milisakan 20 daidai yake da milimita 40 na bel. In alama ta gaba ta iso kafin nan, biyun za su haɗe su zama ɗaya.

Hasken waje

In matsalar tana da lokacinta, misali kullum da hantsi ko da la'asar, ɗaga kai ka dubi rufi. Rana da ke shigowa ta kwanon rufi mai barin haske ko taga tana ɗauke da UV nata, tana sa kaya ƙyalli, tana kuma cika idon sensa. Walda a kusa ma haka. Gwajin ba ya cin ko kwabo: kifa kwali ruwan ƙasa ya yi wa wurin inuwa. In ta warke, sai a ƙera mata rumfa baƙa marar sheƙi.

Ita kanta sensar

In duk waɗannan sun fita lafiya, to yanzu za ka iya tuhumarta. Ƙwan UV ɗin da ke ciki ba ya mutuwa farat ɗaya, raguwa yake yi da shekaru, kuma zafi yana gaggauta tsufansa, musamman ga wadda aka ɗaura kusa da tankin gam ko murhun naɗe leda. Masu ƙerawa irin su SICK suna da katin gwaji mai matakan ƙyalli daban-daban. In ba ka da shi, samfurinka da ka adana cikin baƙar ambulan, nesa da rana, zai yi aikin. Sa shi a tazarar da ta dace, ka kwatanta lambar yau da wadda aka rubuta ranar da aka ɗaura sensar. Sannan ka ɗauko sabuwa, ka riƙe ta a wuri ɗaya da samfuri ɗaya. In lambar sabuwar ta fi ta tsohuwar nesa ba kusa ba, tsohuwar ta gaji. Danshi ko hazo a cikin gilashi ta ciki ma hukunci ne, ruwa ya shiga.

Wajen ɗaura sabuwar, karanta lambar jikinta harafi bayan harafi, domin harafi ɗaya kan bambanta tazarar gilashi, ko irin filta, ko PNP da NPN. Saita tazara da rula, koyar da ita da mafi raunin samfur, sannan ka tura kwali goma masu gam da goma marasa gam a cikakken gudun layi, ka tsaya ka ga kowanne ya bi hanyarsa. Ɗauki alƙalamin fenti ka ja layi a kan maƙali da noti don a gane in sun gusa. A cikin murfin akwatin wuta kuma ka liƙa takarda mai ɗauke da kwanan wata, tazara, lambar alama, lambar baya, da sunan gam ɗin da aka koyar da ita a kansa.